Hannun da Koci Hadley Ya Ba Ni

Zuwa ga aminina Lucious,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin uwargida, ya kuma bayan nan naka da tuƙi ya cinye? Matata Verlene na gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Shekara da shekaru ina faɗa ana cewa tsufa ne: mutanen jami'arku sun mai da garinmu gonar da ba su shuka ba, girbi kawai ke kawo su. Kai da kake tuƙa motar 'yan wasansu ka fi kowa sani, amma kullum sai ka ce in bar maganar. To yau ba zan bari ba, don abin ya shigo gidana.

Ka tuna Kentrell, jikana da muka raina tun rasuwar uwarsa. Yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma in ya sa kwalkwali ya shiga filin wasa ba yaron da ke wuce shi riƙe da ƙwallo. Bara waccan Koci Hadley naku ya zo har gida. Verlene ta soya masa tarwaɗa, ta gasa burodin masara, ya ci ya nemi ƙari. Da ya gama ya miƙo min hannu ya ce, "Baba Ozell, yaronka namu ne. Karatu, ɗaki, abinci, duk kyauta." Ya ɗora wa yaron hula mai tambarinku. Na riƙe hannun nan da kyau, don ya san da wa ya yi magana.

Bayan nan wata ƙaramar kwaleji ta ƙetaren kogi ta aiko mutum, shi ma da nasa tayin, har yana roƙon mu amsa kafin gurbin ya cika. Na ba shi ruwa na raka shi mota. Ba a tayi a kan tayi, haka ubana ya sayar da alfadarinsa, haka na tashi. Verlene ta kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Yanzu Hadley ba ya ɗaukar waya. Yaron ya kira, ya tura saƙo, shiru. A shagon aski an mai da ni abin dariya. Wanzamin ya ce yara wajen ɗari uku kuka yi wa irin wannan tayin alhali gurbin bai kai talatin ba, wai ni ma da gwiwata na lanƙwasuwa da an ba ni hula. Kocin sakandaren su Kentrell kuma ya zaunar da ni kamar ɗan yaye, wai tayi iri biyu ne, akwai na gaske, akwai na "mun gan ka". Na tambaye shi wanne ne ake cin kifi a kansa.

Ranar da yara ke sa hannu a takardar jami'ar da ta ɗauke su ta kusa. Kana ganin Hadley kullum a madubin motarka. Ka tambaye shi.

Naka,
Ozell

Lucious,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta hana ka amsa min.

An yi ranar sa hannu. An jera tebura a zauren wasan makaranta, kowane yaro da hularsa da biro, iyaye mata na kuka, ana ɗaukar hoto. Wani da Kentrell ya sha kayarwa a fili yana can kan tebur. Nawa yana cikin 'yan kallo, yana tafa musu. Verlene ta kira mutanen ƙetaren kogi a ɓoye, suka ce mata cikin ladabi sun riga sun ba wani.

Da muka dawo Kentrell ya ɗauko hular nan ya ajiye a gabana, daidai inda Hadley ya ci abinci. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kaka, kai ka ce hannun namiji ya fi takarda."

Na faɗa, kuma har gobe ina nan a kai. In duniya ta lalace ba ni na lalata ta ba. Amma yaron ya daina fita gudun safe, kuma jiya na ji yana tambayar ko ana ɗaukar ma'aikata a kamfanin yankan kifi, inda hannayen uwarsa suka ƙare.

Fasto ya ce in bar wa Allah. Na bar masa abubuwa da yawa, wannan kam na mutum ne.

Ran Litinin zan hau bas da hular a aljihu. Ba na neman ka rasa aikinka, ƙofar ofishin Hadley kawai za ka nuna min ka wuce kamar ba ka san ni ba. Zan zauna a bakinta har a rufe, in dawo washegari. Ko shi, ko babbansa, ko wanda ya gina wurin, dole wani ya dubi idona ya gaya min mene ne wancan hannun da aka ba ni a kan teburina. Kai ma, Lucious, tare muka tsinci auduga, ka amsa min kafin in iso.

Ozell Tubbs