A Gyara Na'urar Auna Iska Kafin Hamidu Ya Koma Ɗakin Inji

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin ƙanƙara da ajiyar kifi,
Jimeta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan gida Luggere, ni da sauƙi, sai hawan jini da ba ya rabuwa da ni. Surukata Fanta lafiyarta ƙalau, cikinta ya tsufa amma tana aikinta. Jikokina biyu sun warke daga tarin da suka yi. Wanda ba shi da lafiya shi ne ɗana Hamidu, ma'aikacinka a ɗakin inji, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ban shiga aji ba sai da furfura ta fito mini, a makarantar manya da aka buɗe mana a Sangere bayan gudun da muka yi daga Mubi. Da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya faɗa mini abin da zan ce. Na zo ƙofar kamfani don in gan ka, mai gadi ya ce ka yi tafiya. Na sake zuwa, aka ce in bar saƙo wajen shugaban sashe, alhali shi ma yana cikin abin da ya kawo ni. Shi ya sa na kai takardar nan gidan jarida, ko ta wannan hanya za ta iso gabanka.

Na farko, ga abin da na fahimta game da ɗakin nan. Idan na yi kuskure a gyara mini. Injinan da ke yin sanyi suna aiki da wata iska mai suna amoniya, tana gudu cikin bututu. Idan ta fita ta cika ɗaki, tana ƙona ido da maƙogwaro da ƙirji, tana iya kisa. Saboda haka akwai na'ura a bango mai auna iskar ɗakin. Da ta ji amoniya sai ta yi jiniya, ta kunna babbar fanka mai jan iska waje, ta tsayar da injin. To, idan aka ɗauke wuta janareto ya tashi, fitilu suna dawowa da kansu, injinan ma suna tashi da kansu. Na'urar nan kaɗai ce ba ta tashi. Tana nan a mace sai mutum ya je ya danna mata maɓalli, sannan a jira ta ɗan yi ɗumi kafin ta fara aiki. Maɓallin kuma yana can ƙuryar ɗakin, bayan injinan. Wato abin da zai iya kashe mutum shi ke riga tashi, abin da zai yi gargaɗi kuwa sai an ratsa ta cikin haɗarin a tashe shi.

Na biyu, yadda ma'aikatanka suke yi. Duk lokacin da wuta ta ɗauke, mai aiki a ranar yakan buɗe ƙofa kaɗan, ya kara hanci ya shaƙa. Idan bai ji wari ba sai ya cika ƙirjinsa da iska, ya riƙe numfashi, ya sheƙa a guje ya danna ya fito. Har suna suka sa wa abin, suna ce masa nutso. Ka san yadda wutar Jimeta take a lokacin zafi, a wuni ɗaya sai a yi nutson nan ba adadi. Hamidu yakan ba mu labarin a tsakar gida yana kumbura kumatu, yara suna dariya, ni ma ina yi. Ban san abin da nake wa dariya ba.

Malam Modu, mutumin Barno da ya fi kowa daɗewa a sashen, ya ce mini da ba haka abin yake ba. Da akwai batir da ke riƙe na'urar idan wuta ta tafi, kuma injiniyan da ya kafa ta yana zuwa daga nesa yana dubawa. Da aka shiga shekarun tashin bama-bamai sai ya daina zuwa Yola, ban ga laifinsa ba, kowa na son ransa. Batir ya mutu, aka ce a jira gari ya lafa. Ranka ya daɗe, gari ya lafa tuni. Kasuwa ta cika, kun ƙara sabon ɗakin sanyi, kun yi wa ƙofar kamfani fenti, na gani da idona. Nutson ne dai ba a daina ba, ina jin don an saba har an manta cewa na wucin gadi ne.

Na uku, abin da ya faru ranar Talatar farko ta watan jiya, bayan azahar. An ɗauke wuta, janareto ya tashi, Hamidu ya kara hanci a ƙofa bai ji komai ba, ya shiga. Ashe wani mahaɗin bututu ya buɗe can ciki a daidai lokacin da injin ya tashi, warin bai iso ƙofa ba tukuna. Ba jiniya, ba fanka, domin na'urar tana kashe. Ya kai tsakiyar ɗaki abin ya tare shi, idonsa ya rufe, numfashin da ya riƙe ya ƙwace. Malam Modu ne ya jiƙa rigarsa da ruwa ya rufe fuska, ya shiga ya jawo shi ta ƙafa. Ina cikin tsince shinkafa aka aiko in zo asibiti. Na same shi idanu sun kumbura, bakinsa yana motsi murya ba ta fita. Na tsaya a kansa na kasa ko da addu'a.

Ba zan ɓoye alherinku ba. Kamfani ya biya asibiti, albashinsa bai tsaya ba, an kawo mana kifi ranar da aka sallame shi. Na gode, Allah ya saka. Amma shugaban sashe da ya zo dubiya, a gabana da gaban matarsa ya ce wa Hamidu shi ya yi garaje, da ya tsaya ya shaƙa da kyau da bai shiga ba. Na ce wa shugaban, ɗana, kai ka taɓa yin nutson? Ya yi dariya ya ce mini, haba Dada, ai shi ofis aka ba shi. Na tambaye shi yaushe za a gyara na'urar, ya ce an ɗinke bututu, an kuma rubuta maganar batir an aika sama. Shekaranjiya na tambayi Malam Modu, ya ce har yau nutso suke yi, shi kansa ya yi a safiyar.

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma Hamidu ya roƙe ni kada in faɗa. Idonsa ya washe, muryarsa ta dawo ko da yake a dishe, amma ba ya jin wari ko ƙamshi. Mun gane ne wata safiya da Fanta ta ɗora wake ta shiga wanka, ta ce ya duba mata. Yana zaune kusa da murhu yana gyaran rediyo, wake ya ƙone ƙurmus har maƙwabciyarmu ta yi magana ta kan katanga, shi bai ɗago ba. Fanta ta fito tana faɗa tana cewa Hamma, haka take kiransa, ko toshe maka hancin aka yi da siminti, ya yi murmushi kawai. Ni ban yi dariya ba. Da yamma na jiƙa tsumma da kananzir na ajiye a gefen tabarmarsa. Ya ci tuwonsa a wurin ya gama, bai ko waiwayi tsumman ba. Da na nuna masa sai ya sunkuyar da kai, ya ce tun a asibiti ya sani, likita ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa kuma a'a. Ya ce, Dada don Allah ki rufa mini asiri, idan suka ji za su ce ban dace da ɗakin inji ba, ga Fanta ta kusa haihuwa.

Ya ce wai idonsa zai faɗa masa, in akwai iskar zai ji yaji. Ranar Talatar ma ai idonsa ya ji yaji, amma sai da ya kai tsakiyar ɗaki.

Na san na karya masa alkawari a bainar jama'a, kuma zai yi fushi da ni. Na zaɓi fushinsa. Ranar Litinin mai zuwa hutun jinyarsa yake ƙarewa. Abu biyu ne ke tsare mutum a ɗakin nan, na'urarku da hancinsa. Na'ura tana mutuwa da ɗaukewar wuta, hancin kuma yanzu babu. Mu huɗu muka fito daga Mubi, mu biyu muka iso Yola, ni da shi. Mahaifinsa da yayansa ba a ba ni damar roƙon kowa a kansu ba. Wannan kuwa akwai wanda zan roƙa, kai ne.

Ga roƙona.

A sa wa na'urar batir, ko a saita ta yadda za ta tashi da kanta da zarar wuta ta dawo. Wani mai aikin lantarki a unguwarmu ya ce mini irinta da yawa suna da wannan saitin, mai sani ne kawai zai buɗe ya gyara. Ban san ko taku tana da shi ba, amma a kira wanda ya sani ya duba. Ya kuma ce ana iya ɗaure injinan da ita, kada su tashi sai ta farka ta ce iskar ɗaki lafiya. Na san za a ce kifi zai ji zafi idan injin ya jira. Kifin da ke cikin ƙanƙara zai iya jira ɗan lokacin nan.

Kafin a yi wannan, a fito da maɓallin waje, kusa da ƙofa. A kuma rataye takunkumin fuska na gaskiya a wurin, ba na asibiti mai igiya ba, domin rigar Malam Modu ce ta yi aikinsa ranar nan, kuma shi ma har yanzu yana tari.

Kada a kori Hamidu saboda abin da na tona. A ɗakinku ya rasa hancinsa. Idan an ga bai dace da wurin ba, a ba shi wani sashe da albashinsa. Kada kuma a taɓa Malam Modu, ni na je har gidansa na matsa masa da tambaya.

Ina roƙon amsa kafin sallar Juma'ar nan. Ko layi biyu ne a ba Malam Modu, ya san gida, kuma zan iya karantawa da kaina. Idan Juma'a ta wuce ban ji komai ba, ba ni da ikon hana Hamidu fita, magidanci ne mai iyali, ya kuma ce zai je. Abin da zan yi shi ne in shiga keke ɗaya da shi ranar Litinin, da tabarmata da maganina, in zauna a bakin ƙofar ɗakin inji. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ni zan fara shaƙawa kafin ya shiga. Gudu ba zan iya ba, amma hancina lafiya ƙalau. Ba rigima nake nema ba, don haka ina roƙon a sanar da mai gadi tun yanzu kada ya sha wahalar korata.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya tsare maka 'ya'yanka a duk inda suke neman abinci, ya sa kada ka taɓa tsayawa a kan ɗayansu yadda na tsaya.

Wassalam.

Dada Asabe,
mahaifiyar Hamidu na ɗakin inji,
Luggere, Jimeta.