Yara Uku Da Kuka Bari A Sama

Zuwa ga Manajan kamfanin buga littattafan Hausa,
wanda littafin ɗana yake hannunsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da masinjan nan da ya ba ni ruwa a moɗa ranar da na zo. Ban sa sunan kamfaninku a wasiƙar nan da na ba jarida ba, don ba tozarta kowa na fito yi ba. Kun san kanku. Ni ma kun san ni: ni ne tsohon nan na Kontagora da ya kwana biyu a kan bencinku, har ya gyara muku ƙafarsa da ke rawa.

Bari in fara da nawa laifin kafin in zo kan naku. Ni kafinta ne, shekara talatin da 'yan kai. Rabin amaren garin nan da akwatina aka kai su ɗaki, kuma ba mai sayen akwati a wurina ya tafi ban yi masa wa'azi a kan gara mai cin katako ba: a ɗora shi a kan duwatsu, a shafa wa ƙasansa baƙin mai. To, ni ɗin nan mai wa'azi, da ɗana ya rasu, na tattara littattafan rubutunsa guda tara da ya rubuta labarinsa a ciki na zuba a kwalin sabulu, na tura ƙarƙashin gado a ɗakin da ba siminti, na ja ƙofa. Ba na iya kallon rubutun hannunsa ne a lokacin. Damina guda ta wuce a kansu. Da na buɗe kwalin, jar ƙasa na tarar a ciki, sai bangon littattafan. Gara ta cinye labarin kaf, ta bar mini jadawalin lissafin da ake bugawa a bayan bango, biyu sau biyu huɗu, wanda dama shi kaɗai na fito da shi daga makaranta. Aji uku na yi a elementare kafin a gane cewa ni da allo ba ma jituwa sai in ni zan sassaƙa shi.

Saboda haka kofen da ke wurinku shi kaɗai ya rage a duniya. Ga abin da nake so ku sani.

Na ɗaya. Marubucin ɗan farina ne, kuma kun san al'adarmu. Shekararsa ashirin da huɗu a gabana ban taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami ina ce masa "kai yaro", da ya zama malamin makaranta na koma ce masa "Malam", rabi girmamawa, rabi tsiya. A ofishinku an ce mini ba a neman fayil da "Malam". To, ga shi: Idirisu. Idirisu Garba, malamin aji biyar. Na daɗe alƙalami na tsaye a kan takarda kafin in rubuta shi. Don Allah kada ku sa in sake.

Na biyu. Sunan littafin "Jirgin Iri". Labarin wani zamani ne can gaba da ruwan sama ya ɗauke, hatsi ya daina tsirowa, aka ƙera jirgin ƙarfe aka sa yara uku a ciki su je wani tauraro su samo irin da ba ya jin fari. Ɗaya 'yar Kambari ce daga Sahon Rami, ɗaya Bafulatani mai kiwo, ɗaya ɗan maƙeri na cikin gari. Ba aljani a ciki, ba tsafi, komai da inji da lissafi. Ya fara shi ne tun shekarar da rediyo ya ce mutum ya taka wata, ranar da ni na ce in dai gaskiya ne su yo mana tsarabar kanwa.

Kowace Alhamis bayan la'asar 'yan ajinsa sukan cika zauren gidana, ya karanta musu babi guda. Rumfar aikina tana jikin zauren. Ban taɓa shiga na zauna ba. Nakan ce ina da aiki, kuma duk wanda ya leƙo zai gan ni riƙe da zarto. Sai dai ba wanda ya taɓa jin ƙarar zarto a gidana ranar Alhamis da la'asar. A kasuwa kuwa ni ne babban mai yi masa ba'a. In aka tambaye ni ina Malam, sai in ce yana sama, sai ya sauko. Mutane su yi ta dariya, ni kuma in ji daɗi. Ban taɓa ce masa labarin ya yi kyau ba, ko sau ɗaya. Wata biyu bayan rasuwarsa, wani mai sayen gero daga Rijau, wanda labari bai kai masa ba, ya tsaya a bakin rumfata yana murmushi, ya tambaye ni ko Malam ya sauko. Ni na koya masa wasan. Maƙwabcina ne ya ja shi gefe.

Na uku, wannan kuma naku ne. Ya kwafe littafin da hannunsa tsaf, ya aiko muku ta gidan waya da rajista, a shekarar da motoci suka koma tuƙi a hannun dama. Bayan wata huɗu kuka rubuto cewa kun yaba, za ku buga, amma a gyara ƙarshen: yaran su farka su ga ashe mafarki ne, wai don kada 'yan makaranta su ruɗe. Ya ƙi. Na ji shi yana gaya wa hedimasta cewa yaran da ke tafiyar mil huɗu a ƙasa don su zo aji ba za a raina musu hankali da mafarki ba. Ya sake rubuta babi uku na ƙarshe yadda yake so, ya aiko. Kuka turo kati mai hatiminku cewa sun iso. Katin yana aljihuna, shi gara ba ta same shi ba.

Waɗannan babi uku bai karanta wa kowa su ba. Ya yi wa 'yan ajinsa alkawari cewa a littafi bugagge za su karanta ƙarshen, kowa da nasa a hannu. Ya tsaya musu ne a babi na goma sha biyu, inda jirgin ya kamo hanyar gida da irin a ciki, sai injin da ke ba su iska ya lalace, ɗan maƙeri ya yi lissafi ya ga iskar da ta rage ta mutum biyu ce, su kuwa su uku ne. A nan ya rufe littafin yana dariya, yaran suna ihu. Da bazarar shekarar da aka canja kuɗi, sanƙarau ya shigo unguwarmu. Kwana huɗu Malam ya yi yana jinya.

Na rubuto muku sau uku, ba amsa. A karo na huɗu na zo da ƙafata, mota biyu da jirgin ƙasa. Rana ta farko aka ce mai kula da littattafan yara an yi masa canjin wurin aiki. Rana ta biyu aka nuna mini kabad aka ce littafin yana ciki, amma mabuɗin ya bi mutumin. Da yamma wani saurayi mai ladabi ya ce mini tunda marubucin ya rasu ba mai sa hannu a yarjejeniya, sai an yi taro a kai. Ranka ya daɗe, na ƙare wa kabad ɗin nan kallo. Katakonsa ɗanye aka yi aiki da shi, ƙofar ta riga ta karkace. Da ƙusa ɗaya zan buɗe shi kafin shayinku ya huce. Na sa hannuna a aljihu na riƙe shi, don kada a ce uban Malam ɓarawo ne. Kuma ƙafar kabad ɗin a ƙasa take, jikin bango. Ku saurari wanda ya gani a kwalinsa.

Na huɗu. Za ku ce mene ne na gaggawa, tunda mai abu ya tafi. Ranar jana'iza, kafin a yi salla, liman ya tambaya kamar yadda aka saba ko akwai mai bin mamaci bashi. Na miƙe na ce duk abin da ake bin sa, ƙarami da babba, ya dawo kaina. Na faɗa da ƙarfi, don na san yaron ko goro ba ya ci bashi. Ranar sadakar uku hedimasta ya kawo 'yan ajinsa gaisuwa, su talatin da ɗaya. Da aka shafa fatiha, wata yarinya mai suna Rifkatu, 'yar wani manomi Kirista, ta miƙe a gaban dattawa. Da Hausarta ta Kambari ta ce sun ji Baba ya ɗauki bashin Malam, kuma Malam bai ba su ƙarshen labari ba. Wasu suka yi dariya, hedimasta ya daka mata tsawa. Liman bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce shi dai da kunnensa ya ji na ce ƙarami da babba.

Na yi ƙoƙarin biya da abin da nake da shi. Na tara su wata Alhamis na ce jirgin ya faɗo a tsakiyar kasuwar Bangi, a kan buhunan wani mai barkono, garin duka ya kama atishawa. Irin wannan zancen ne ke ciyar da ni a majalisa shekara da shekaru. Ko ɗaya bai yi murmushi ba. Rifkatu ta tambaye ni su nawa suka fito daga jirgin. Na ce duka ukun. Ta ce da wace iskar. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka yi mini sallama cikin ladabi, wanda ya fi mini zagi ciwo.

Na biyar ba ƙara ba ce, gaya muku kawai nake yi. Na san yaran nan uku ba su taɓa rayuwa ba, ban haukace ba tukuna. Amma duk ranar Alhamis in la'asar ta yi, sai in ji kamar zauren ya cika, in tsaya cik da aikin. In na gama akwati na zo rufe murfin, sai in tuna da iskar nan ta mutum biyu. Kwanan baya wata mata ta dawo mini da akwatin 'yarta tana faɗa, wai me ya sa na huda shi wuri uku a baya. Wallahi ban san lokacin da na yi ba. Na ce mata sabon yayi ne daga Ikko, don kaya su sha iska. Ta karɓa, har ta turo mini ƙawarta. Matata kuwa, mahaifiyarsa, ba ta yi dariya ba da na ba ta labari. Ta ce ita ma in tana tankaɗe takan tsaya ta yi ta tunanin wanne a cikinsu ɗanta ya zaɓa ya bari. Ashe ita ma tana saurare ta bayan katanga. Mu biyu a gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ku buga littafin yadda ya rubuta shi, ba mafarki. In sa hannu ne matsala, ni ne magajinsa, alƙali zai ba ni takarda, kuma sunana dai na iya rubuta shi, ko da yake yakan hau tudu ya gangara.

In ba za ku buga ba, ku mayar mini da shi. Ba zan yi fushi ba.

In dokar ofis ta hana wannan ma, ku bar ni in zo in zauna a bencin nan in kwafe babi ukun da hannuna. Wasiƙar nan ta ci mini kwana tara, don haka ku ƙaddara zan yi wata guda. Zan zo da tabarmata da garina, in gyara muku duk kujerar da ke gidan.

Kuma kafin komai, yau ɗin nan, ku sa a ɗaga kabad ɗin daga ƙasa.

Yaran suna ajin ƙarshe yanzu. Da an yi jarrabawa za su watse: wasu kwaleji, wasu gona, biyu 'yan ruga ne da ban san inda shanu za su kai su ba. Rifkatu ta daina tambayata. Takan biyo ta ƙofar rumfata da safe, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗan jira, sannan ta wuce.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa 'ya'yanka su binne ka, kada kai ka binne su. Allah ya ba ka ikon sauke amanar da ke hannunka. Ni tawa tana nan a wuyana: mutum talatin da ɗaya ke bi na, na ɗauka a gaban gawa da shaidu, kuma abin biyan yana kulle a ofishinku. Na haura sittin. In aka tambaya a kaina ranar tawa jana'izar, ba ni da wani ɗan da zai miƙe ya ce ya ɗauka.

Wassalam.

Naku,
Garba Kafinta,
Kontagora.