Layin da Inna Hajo ta share

Laraba da dare, Tambuwal

Na dawo daga Fakku a gajiye liƙis. Yau matan ruga suka zana mini taswirar yankinsu a ƙasa, da toka da tsakuwa. Inna Hajo, babbarsu, ta ja layi da sanda, ta ce nan ne burtalin shanunsu kafin wani mai hali ya maishe shi gona. Na ɗauki hoto. Sai ta sa tsintsiya ta share layin tas.

"Ɗiyata, ke Sakkwato za ki koma, mu nan za mu kwana. Kar ki gwada ma kowa wanga."

Na ce to.

Ina hanya shugaban sashenmu a jami'a ya kira. "Malama, shekara shida kina wuri guda. In ba ki buga bincike ba, babu ƙarin girma." Kuma binciken nawa kaf a kan layin nan ya tsaya. Ni ce kullum nake gaya wa ɗalibai cewa ilimin da muke samowa wurin mutane na masu shi ne. Faɗa da baki ba wuya!

Hoton yana wayata. Na kasa aikawa, na kasa gogewa. Inna Hajo ko, tsintsiya ɗaya ta ishe ta.