Turaren Da Ya Tarbi Malam Ali

Zuwa ga Yayata Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara, Ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina. Tun da aka yanke muku layin waya a Maiduguri ban ji muryarki ba, shi ya sa na ba direban motar kifi wannan saƙo. Mu nan unguwar Koki da sauƙi, cikina dai ya tsufa.

Yaya, maganar maigidana Malam Ali ce. Ranar da bam ya tashi a tasha yana kusa. Ƙarfe bai taɓa shi ba, hayaƙi mai zafi ya shaƙa. A asibiti suka zura masa roba ta baki, inji na yi masa numfashi. Da aka cire aka sallame shi, muryarsa ta dishe amma tana nan. Ni kuwa na yi ta tsara dawowarsa kamar a littafi, har da lallen da zan sa.

Kin san mu da ƙamshi. Gwaggonsa 'Yardada ta ce mutum ba ya dawowa daga bakin kabari ya tarar da ɗaki salam, sai ka ce ba 'yan Barno ba. Ta zuba turaren wutan da kika aiko mini a kasko, ta rufe taga don ya kama labule. Yana shigowa ya yi mini murmushi, ya ja numfashi, sai wani ƙara siriri kamar usur ya fito daga wuyansa. Ya riƙe maƙogwaro, idanu waje. Muka kwashe shi sai asibiti. Ga shingen sojoji a Ƙofar Nassarawa, sai da aka sauke mu aka caje.

Likita ta ce a cikin maƙogwaro akwai tantani biyu kamar ƙyauren ƙofa. Iska ce ke kaɗa su su ba da murya, kuma in abu ya fusata su sai su datse. Nasa da ma sun ƙone, turaren ya ƙarasa su. Yanzu sun huda wuyansa ƙasa da wurin, sun sa gajeren bututu. Iska na fita ba ta bi ta kansu ba. Na tambaye ta yaushe zai yi magana, ta ce mu yi ta addu'a.

A littattafan da nake karantawa, Yaya, murya takan dawo a shafin ƙarshe. Ni haihuwa ta matso, kuma ya daɗe da cewa shi zai yi wa ɗansa huɗuba a kunne. Jiya ya toshe bututun da yatsa, ya sunkuya kan cikina yana gwada kiran salla. Ɗumin iska kawai na ji. Na ce masa yaron ya motsa. Ya girgiza kai, ya nuna mini ƙofar ɗakin wansa Shehu, wato shi zai yi huɗubar.

Ki gaida Baba Gambo da Iya Dije. Ki sa mu a addu'a. Don Allah kada ki aiko turaren suna.

Ƙanwarki,
Falmata