Wadda Ke Ɗanɗana Abincin Maigidana

Anti Bilkisu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Maigidana direban bas ne a tashar Kawo. Bara birki ya ƙwace masa, aka rasa rai, kotu ta ba shi shekara uku. Ni kaɗai ke zuwa ganinsa a gidan yari, danginsa ko leƙe.

Dokar wurin ita ce duk wanda ya kawo abinci sai ya ci cokali biyu a gaban gandiroba kafin a shigar. Ban taɓa damuwa ba sai da azumin nan ya kama. Ranar farko na yi masa kunun gyaɗa da ƙosai na buɗa-baki, aka miƙo mini cokali, ni kuwa da azumi a bakina, kuma kafin magariba an rufe ƙofa. Haka na dawo da kwanona ina kuka a bas kamar ƙaramar yarinya.

Maƙwabciyata Malama Rifkatu, Kirista ce, tana koyarwa a firamare. Ita ta gan ni a bakin famfo ido ya kumbura, ta tambaye ni, na gaya mata. Wallahi ban roƙe ta ba. Tun ranar, duk ranar ziyara tana tasowa daga makaranta ta bi ni, da sauran alli a hannunta, cikin zafin nan. Ta ci cokali biyu a tsaye, ta goge baki, har ta tsokane ni wai gishirina ya yi kaɗan. Ruwa ma ba ta sha a gabana.

To, yayan maigidan, Yaya Gambo, ya ji labari. Ya ce na tona asirin gida ga bare, wai kuma ina barin wadda ba ta azumi tana sa baki a abincin mai azumi. Ya ce ko in rabu da ita, ko ya mayar da ni Funtuwa wajen iyayena har ƙaninsa ya fito. Anti, in na tafi, wa zai je masa? Ina tsoron Yaya, ina kuma jin kunyar matar nan. Yaya zan yi?

Mai Kwano, Hayin Banki

*

'Yar'uwata Mai Kwano, na karanta takardarki sau biyu, kuma ke da Malama Rifkatu kun burge ni ƙwarai. Mata da yawa wata uku suke yi su gaji da layin ziyarar gidan yari. Ke kin shekara.

Kada ki ɗauki Yaya Gambo mugu. Kunya ce ke cinsa, kuma mutumin da ya kasa zuwa yakan ji zafin wanda ya je. Amma asirin da aka karanta a kotu ba ke kika tona shi ba. Batun sa baki kuwa, ki je wurin limamin unguwarku tare da wata dattijuwa ki tambaya. Ban san malamin da zai ce cokalinta ya ɓata abinci ba, kuma Yaya zai fi jin ta daga bakin liman.

Zamanki a ɗakinki maganar mijinki ce, ɗauri bai tsinke igiyar aure ba. A ziyara ta gaba ki gaya masa komai, ki nemi jami'in walwala na gidan ya ba shi dama ya rubuta wa yayansa takarda. Ki tambayi jami'in ranar fitarsa ma, don akan rage wa mai kyakkyawan hali wa'adi. Wasu ranakun kuma ki kai masa sabulu da man shafawa kawai, waɗannan ba sa neman cokali, don Malama ta huta, ita ma tana da gidanta.

Sannan ki durƙusa ki roƙi Yaya, ba da gardama ba, ya raka ki sau ɗaya tak kafin a sauke azumi. Ki ba shi kwanon ya riƙe. Idan gandiroba ya miƙo masa cokali, shi ma da azuminsa, ki bar shi ya ga wadda za ta miƙa hannu.

Ranar Sallah kuwa, kwanon farko na Malama ne. Ki shimfiɗa mata tabarma, ki ƙara gishirin, wannan karon ta ci a zaune har ta ƙoshi. Allah ya fito da maigidanki lafiya, ya same ki a ɗakinki.

Taki, Anti Bilkisu