Kada a Yanke Wayar Bakina

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Baba yana lafiya, Yaya Habu ma yana lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba. Na karye a muƙamuƙi, an ɗaure mini haƙoran sama da na ƙasa da waya, kuma tsoro ya hana ni sakat.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Matar Kawu Sale ta haihu a Mashi, Yaya Habu ya ɗauke ni a mashin za mu suna. Na sa sabon hijabina, dogon nan har idon sawu, wanda duk 'yan Islamiyyarmu suka koma sawa tun da aka fara Shari'a. Na yi zaman gefe kamar kowace mace. Ya ce, "Binta, riƙe ni da kyau." Kin san ni da kunya, ƙarfen baya kawai na dafa. Da kina nan da kin biyo mu har ƙofar gida kina cewa, "Tattare mayafinki ki danne a cinya." Babu wanda ya faɗa. Ni kuwa hankalina yana kan littafin soyayyar da na bari ƙarƙashin filo, ina ta lissafin ko za su shirya ko ba za su shirya ba.

Mun yi nisa da Daura sai na ji kamar an shaƙe ni ta baya. Ashe bakin hijabin ne ya shiga tayar baya, ta naɗe shi. Ko ihu ban samu yi ba. Haɓata ce ta fara isa kwalta.

A asibitin Katsina likita ya ɗaga hoton ƙashina yana nuna wa Baba. Ya ce, "Malam, muƙamuƙi in ya bugu a haɓa ba kasafai yake tsayawa a nan ba, ƙarfin yakan zagaya har gindin kunne." Wuri biyu na karye, a haɓa da gaban kunnen hagu, shi ya sa jini ya yi ta fitowa ta kunnen. Haƙorina ɗaya na gefe ya fita, harshe ya tsage, wuyana ya yi shatin hijabi. Ya ce mu gode Allah da wuyan bai karye ba.

Umma, a littattafan da nake karantawa in yarinya ta yi hatsari sai ta farka da ɗan bandeji a goshi, fuskarta tas, wani yana hawaye a gefen gado. Ba su taɓa faɗar yawu ba. Ni tsumma nake riƙewa a haɓa. Na juya madubinki ya kalli bango.

Ranar komawa ganin likita na ga ashe muna da yawa a layi. Yawanci 'yan acaɓa ne, suna ta tsokanar juna ta cikin haƙora. Wani ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kai ma a hannun mashin ka rataye hular kwanon?" Akwai wani Bafulatani da sa ya harba, da wata mata da ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya, amma ta ƙi yarda ta haɗa ido da kowa.

A nan na haɗu da Larai. Ta ɗan girme ni. Tana ƙarama ta faɗo daga amalanken shanu ta bugi haɓa, aka ɗaure mata a gida da tsumma. Ƙashin gindin kunnen ya haɗe ya daskare. Bakinta ko yatsa ba ya shiga, shekara da shekaru da ɗan yatsa take tura tuwo ta gefen haƙori. Ta daɗe tana kallon wayar bakina, sannan ta ce, "Ke kin yi sa'a." Tun daga ranar fuskarta take zo mini ko ina salla.

Likita ya ba mu wata 'yar ƙaramar filaya. Ya ce in amai ya taso a yanke wayar nan da nan don kada ya shaƙe ni, in kuwa ba haka ba ko da wasa kada a taɓa ta sai ƙashi ya haɗe. Aka rataye ta a ƙusa kusa da gadona. Shi ya sa nake tsoron abinci. Ta gurbin haƙorin da ya fita nake zuƙar kunu da siririyar roba, in na ɗan sha sai in ji zuciyata ta tashi, in ajiye. Na rame har zanena yana zamewa.

A haka Goggo Rabi, yayar Baba, ta zo daga Dutsi ta same ni. Tana ganina ta saki salati. "Ina aka taɓa ɗinke wa mutum baki kamar buhun gero? Marainiyar Allah, ku dubi wuyanta!" Ta ce a kwance wayar a kai ni wurin mai ɗorin garinsu, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ɗaure, in samu in ci tuwo. Ta ce ai ke da kanki kika kai masa Yaya Habu da ya karye a hannu yana yaro, ga hannun nan garau. Gaskiya ta faɗa. Kuma sona take yi, Umma, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Jiya bayan la'asar ta ciro filayar daga ƙusa ta fito tsakar gida. Ta ce, "Habu, zo ka yanke, kai ka saba da ƙarfe." Yaya Habu tun ranar hatsarin bai iya kallon fuskata ba. Ya karɓa. Baba yana kan tabarma da carbi, ya sunkuyar da kai, kin san bai taɓa musa wa yayarsa ba.

Ni ma ban taɓa ce wa babba a'a ba. Na ja da baya har na jingina da bango, na rufe baki da hannu biyu. Sai na ji kaina ina cewa, "A'a, Baba." Kamar nishi ya fito ta cikin wayar, babu wanda ya gane. Na cire hannu na sake faɗa, kunnen hagu yana sukata. Sannan na ce, "Larai."

Baba ya gane, don yana kusa da ni a layin nan. Ya miƙe ya karɓi filayar daga hannun Yaya Habu. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Yarinyar nan ba ta magana, yau ta yi. A bar mata." Ya sa mini ita a tafin hannu.

Goggo ta shige kicin tana kuka tana faɗa. Can sai ga ta da fura da nono, ta tace ta sake tacewa har ta koma ruwa. Ta dire kwanon a gabana ta ce, "To, mai baki, shanye. Ina nan ba inda za ni. In kika ƙara ramewa ba ruwana da likitanku."

Na shanye, Umma. Filayar tana hannuna na hagu, gumi yana karyo mini, ina jin kowane kurɓi yana neman dawowa, amma na shanye. Yau ma na sha sau biyu. Haka zan yi ta sha har ranar kwancewa, ko da kuwa ina kuka.

Ranar ce ban san yadda zan yi da ita ba. Likita zai ce in buɗe baki, ni kuma ban sani ba ko zai buɗu. Ina ma a ce kina nan ki dafa mini ƙeya.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya haɗa ƙashin nan daidai inda ya halicce shi, ya buɗe wa Larai nata bakin, ya sanyaya wa Yaya Habu zuciya. Amin.

Taki mai kewarki kullum,
Binta