An Ɗora wa Evans Laifin Fayil ɗin da Na Goge

Hajiya Kulu, don Allah ki taimake ni da shawara kafin a sake zuba ƙwai, domin abin nan ya hana ni sakat.

Ni mai gyaran waya ne a Tudun Wada. Ban gama sakandare ba, amma ina da naci, a waya na koyi rubuta 'yan ƙananan manhajoji, in na kakare in sake. Akwai wani ɗalibin aikin gona, Suhaibu, da ke kawo mini gyara. Ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai don aikinsa na kammala karatu, ya ce in rubuta masa abin da zai riƙa karɓar awon zafin akwatin yana zubawa a fayil a kwamfuta, har ƙwan su fashe. Wallahi na ji daɗi, ɗan jami'a ne fa ya zo wurina.

To Hajiya, hanya biyu ake buɗe fayil a yi rubutu. Ɗaya tana ɗorawa daga inda aka tsaya. Ɗayar sai ta wanke allon tas kafin ta fara. Ni ta biyun na sa, ban lura ba, don duk gwajin da na yi ban taɓa kashewa na kunna ba.

Batirin kwamfutar Suhaibu ya mutu, sai a jikin soket ɗin inbata, na'urar da ke ba da wuta in an ɗauke, take aiki. Ana gab da ƙyanƙyasa, ranar Lahadi, abokin ɗakinsa Evans ya zare ta ya jona dutsen guga zai goge rigar zuwa coci. Da ya ga ta mutu, ya mayar da sauri, ya kunna manhajar da kyakkyawar niyya. Nan take ta share duk awon da aka tara. 'Yan tsaki sun fito lafiya, sai dai babu abin kai wa malami.

Suhaibu ya kawo mini kwamfutar ido jajir. Ina duba rubutuna na ga ɓarnar. Shi kuwa yana ta cewa Evans ya kashe shi, ni kuma na yi gum, har da gyaɗa kai. Mutanen nan fa tun shekarar farko suke ɗaki ɗaya a Gyallesu, Evans ne ke tashinsa sahur. Yanzu in sun zo wurin mai shayin kusa da shagona, kowa bencinsa daban. Na lura Evans ya daina guga, rigarsa a yamutse yake fita. In ya gaishe ni kasa kallonsa nake yi.

Malamin ya ba Suhaibu dama ta ƙarshe, shi kuma Suhaibu ya sayi sababbin ƙwai, ya ce in zo in sake saita masa. Zuciyata na ce mini in gyara shiru, ba wanda zai sani. In na faɗa kuma, za a ce dama me ake jira daga wanda bai yi boko ba. Ya zan yi?

Ɗanki mai gyaran waya, Tudun Wada

*

Ɗana, na ji ka, kuma zan raba maka abin gida biyu.

Kuskuren manhaja ba abin kunya ba ne. Na tambayi 'yata Hanifa da ta karanci kwamfuta, ta ce da wuya ka sami mai wannan sana'a da bai taɓa goge fayil ta haka ba, da digirinsa. Evans ma bai kamata ya zare abin da ba nasa ba, Suhaibu kuma ya yi sakaci da bai taɓa kwafe awon ya ajiye wani wuri ba. Kowa da rabonsa.

Shirun nan kuwa naka ne kai kaɗai. Gyara a ɓoye zai ceci karatun Suhaibu, amma Evans zai ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasa ba, kai kana kallo daga shago.

Ka je ɗakinsu lokacin da duka biyun suke nan. Kada ka tsaya dogon bayani, ka nuna musu da ido: ka kunna tsohuwar manhajar, ka kashe, ka sake kunnawa, su ga fayil ya koma wayam. Sannan ka nemi gafarar Evans kafin ta Suhaibu, domin shi aka fi zalunta.

Sabuwar kuma, Hanifa ta ce ka sa ta riƙa ɗorawa, ta rufe fayil bayan kowane awo, Suhaibu kuma ya riƙa kwafewa kullum. Ka gwada ta a gabansu, a zare soket da gangan.

Wataƙila Suhaibu ya yi fushi, har ya kai aikin wani wuri. Ka haƙura, wannan zafin mai wucewa ne. Masu ba ka wayoyinsu da sirrinsu a ciki, amanarka suke bi, ba su taɓa tambayarka takarda ba.

Ka je yau, kafin a zuba ƙwan. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakaninsu, ya sa wa sana'arka albarka.

Hajiya Kulu